Darasi na 14: Waken Ƙamshi, Daga Ƙwayar Iri Zuwa Fure

A dangin wake akwai wani da ba a shuka shi don tukunya. Ba a ƙosai da shi, ba a alale, ko harawarsa ba a tara wa dabba. Furensa ake so, da ƙamshin da furen yake bazawa. Masana tsirrai suna kiransa Lathyrus odoratus, a jikin fakitin iri kuma za ku ga an rubuta sweet pea. Mu a nan za mu riƙa ce masa waken ƙamshi. Shukar ƙasashen sanyi ce, kuma a Ingila aka fi ɗaukaka ta, don haka can za mu je mu ga yadda masu lambu suke rainonta tun daga ƙwaya, sannan mu dawo gida mu duba abin da zai yiwu.

Na san ba za a rasa mai cewa, "Malam, abin da ba a ci, wahalar me za a yi a kansa?" Fure sana'a ce. Duk wanda ya bi manyan titunan Abuja ko Jos ko Kaduna ya ga masu rainon furanni a bakin hanya, da ita suke ci da iyalinsu. Amma babban dalilin kawo darasin nan shi ne, tsiron ba ya yafe kuskuren lokaci. Duk hidimar da ake yi masa, daga zurfin tukunya har ranar shuka, abu guda ake nema: saiwa ta yi nisa a cikin sanyi kafin zafi ya iso. Manomin alkama a Kadawa ko Haɗeja ya san wannan magana, domin ya san abin da ke samun alkamar da aka makara shukawa idan zafin Maris ya riske ta tana ɗaukar ido.

Inda ya fito

Asalinsa tsibirin Sisili ne da kudancin Italiya, a yankin Bahar Rum. A can ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, lokacin zafi kuwa fari ake yi. Ƙwayar da ta faɗi ƙasa takan kwanta har ruwan Oktoba ya sauka, ta tsiro, ta yi ta zura saiwa duk tsawon hunturu, ta yi fure da sanyi ya fara ja baya, ta zuba 'ya'ya, ta mutu kafin rana ta ƙwalle. Shekararsa ke nan gaba ɗaya, kuma har yau bai sake hali ba, ko ina aka kai shi.

Wani malamin Kirista mai zaman zuhudu, Francesco Cupani, wanda yake kula da wani lambun tsirrai kusa da birnin Palermo, shi ne ya aika irin zuwa Ingila a 1699, wurin wani malamin makaranta mai suna Robert Uvedale a garin Enfield. Furen na farko ƙarami ne, biyu a kan sanda ɗaya, samansa ja mai duhu, ƙasansa shuɗi-shuɗi, ga ƙamshi mai cika ɗaki. Ya daɗe a haka ba tare da wani babban canji ba, sai da Henry Eckford, mutumin Sikotilan, ya duƙufa a kan barbarar iri da zaɓe a garin Wem, inda ya koma a 1888. Zuwa 1901, cikin iri 264 da ake shukawa, 115 daga hannunsa suka fito. A wannan shekarar ce kuma Silas Cole, mai lambun gidan sarautar Spencer a Althorp, gidan da daga baya Gimbiya Diana ta fito, ya nuna wani sabon iri mai faffaɗan fure da baki mai lanƙwashe-lanƙwashe. Zuriyar wannan iri ake kira Spencer, su ne suka cika kasuwa a yau: sanda doguwa, fure kamar huɗu a kanta, launi daga fari zuwa ja da ruwan hoda da shuɗi. Rawaya tsantsa ce kawai har yanzu ba a samu ba. Sai dai da yawa daga cikin manyan nan ba su kai na da ƙamshi ba, kuma a ganina wanda ya shuka waken ƙamshi marar ƙamshi ya yi asarar rabin wahalarsa.

Ku dubi ƙwayar

Ku ɗora ƙwaya ɗaya a tafin hannu. Zagayayya ce, ta fi ƙwayar dawa girma, ba ta kai ta wake ba. Ɓawonta yana da ɗan kaushi, launinsa daga ruwan ƙasa mai haske zuwa kusan baƙi. Idan kuka juya ta a hankali za ku ga wani ɗan siririn tabo a gefe guda, wurin da take manne da kwanso. Wannan shi ne idonta, kuma kusa da shi saiwa take fitowa.

Ƙwayoyi masu duhu sukan yi ɓawo mai tauri, ruwa ba ya shigarsu da wuri, sai ka ga wasu sun tsiro wasu suna kwance. Maganinsa shi ne a ɗauki reza ko abin yanke farce a ɗan ɓantare ɓawon a bayan ƙwayar, wato ɓangaren da yake nesa da ido. Kaɗan ake cirewa, daidai yadda za a hango farin ciki. Idan aka yanka ta wajen ido an kashe ta. Wanda ya taɓa rainon gawo ko ɗorawa ko kuka ya san wannan dabara, domin su ma sai an raunata ɓawonsu suke tsirowa da wuri.

Kan jiƙa iri a ruwa kuwa, masu lambun Ingila ba su haɗu a baki ɗaya ba. Wasu suna jiƙawa ya kwana, wasu sun ce ba a bukata. Abin da aka tabbatar shi ne, ƙwayoyi masu hasken ɓawo, waɗanda galibi su ne na fari da sauran launuka masu haske, ɓawonsu da laushi, kuma sukan ruɓe idan sun daɗe a ruwa. Shawarata ita ce a bar kwano a ɗauki tsumma. A jiƙa tsumma mai tsabta a matse, a jera ƙwayoyin a kai, a rufe, a duba bayan kwana ɗaya ko biyu. Wadda ta kumbura a shuka ta. Wadda ta ƙi, ita ce mai bukatar reza. Ta haka ba a yanki wadda ba ta bukata ba, ba a kuma nutsar da mai laushi ba.

Tukunya da lokaci

Waken ƙamshi saiwarsa ƙasa take nufa, kuma ba ta son a dame ta. Saboda haka tsawon tukunya ya fi faɗinta muhimmanci. A nemi mai zurfin santimita 12 zuwa 15, mai huda a gindi. Da yawa a Ingila sukan tara kwalin da ake naɗe takardar banɗaki a jikinsa, su jera su a tsaye cikin akwati, su cika da ƙasa, kowane kwali ƙwaya ɗaya ko biyu. Ranar dashe da kwalin ake binnewa, ya ruɓe a ƙasa, saiwa ba ta san an taɓa ta ba. Dogayen baƙaƙen ledojin da ake rainon itatuwa a cikinsu su ma suna yi.

A cika da ƙasa mai laushi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. A tura ƙwaya zurfin santimita 1 zuwa 2, a rufe, a ba da ruwa sau ɗaya ya jiƙa sosai, sannan a ɗaga hannu har sai saman ƙasar ya fara bushewa. Yawan ruwa kafin tsiro shi ya fi kashe iri. A yanayi na digiri 10 zuwa 15 a ma'aunin Salshiyos, tsiro yakan ɓullo cikin kwana 10 zuwa 21. A wannan tsakani babban abokin gaba ɓera ne. Yana jin ƙamshin ƙwayar ta cikin ƙasa, kuma a dare ɗaya sai ya tone akwati guda, don haka ake rufewa da gilashi ko raga ta waya.

Lokacin shuka biyu ne a Ingila. Na farko Oktoba zuwa Nuwamba, na biyu daga Janairu zuwa Afrilu. Gwanaye sun fi son na farko, kuma dalilinsu shi ne zuciyar wannan darasi. Tsiron Oktoba yana yin hunturu a waje, cikin akwati mai murfin gilashi wanda ake buɗewa kullum sai in sanyi ya tsananta ko ruwa ya yi yawa. A sama za ka ga kamar ba ya motsi, ɗan guntu da shi, wata da watanni. Amma idan ka ɗaga tukunyar a Fabrairu za ka tarar fararen saiwoyi sun leƙo ta hudar gindi. Irin wannan tsiro yana riga na shukar Maris yin fure, yana fin sa ƙarfi, yana kuma fin sa jure fari, saboda saiwarsa ta riga ta sauka inda danshi yake.

Kuskuren sabon shiga shi ne tausayi. Sai ya ga ana sanyi ya shigo da tsiron ɗaki mai ɗumi, ya ajiye a bakin taga. Ɗumi ga ƙarancin haske, tsiro ya miƙe zalalau, siriri, fari-fari, ya faɗi da kansa. Da zarar kai ya ɓullo daga ƙasa, haske yake so da iska mai sanyi. Tsiron da aka saba wa waje yana iya jure sanyin da ya ɗan sauka ƙasa da sifili.

Tsinke kai

Idan tsiro ya kai kamar santimita 10, yana da ganye hawa biyu ko uku, sai a sa farce a tsinke kansa daga saman hawa na biyu. Hannu yakan yi nauyi a karon farko, domin mutum yana ganin kamar ɓarna yake yi. Bayan mako biyu za a ga sababbin rassa sun fito daga gindi, sun fi na farkon kauri. Su ne za su ɗauki fure. Tsiron da ya yi hunturu a waje sau da yawa yakan yi rassan da kansa, ba sai an tsinke shi ba.

Dashe da abin hawa

Wuri mai rana ake zaɓa. A tona ƙasa zurfin santimita 30 zuwa 40, a cakuɗa ta da takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai, tun makonni kafin dashe. A kafa abin hawa kafin a dasa, don kada a soki saiwa daga baya: sandunan gora masu tsawon kusan mita 2, a jere ko a zagaye a ɗaure kawunansu wuri guda, ko kuma raga. A Ingila daga Maris zuwa Mayu ake dashe, gwargwadon yankin, bayan an yi kamar kwana 10 ana fitar da tsiron ɗaki waje da rana don ya saba. Tazara santimita 20 zuwa 30. Makonnin farko dodon koɗi da danginsa marasa kwanso suna cinye ganyen da dare, sai an sa ido.

Ku lura da yadda yake hawa. Karansa ba zagayayye ba ne, yana da fiffike siriri a gefe biyu. Kowane ganye 'ya'ya biyu ne suna fuskantar juna, daga tsakaninsu wani koren zare ya fito ya rabu uku ko fiye. Zaren yana lilo a iska har ya taɓa wani abu, da ya taɓa sai ya naɗe shi gam. Gora mai santsi da kauri takan fi ƙarfinsa da farko, shi ya sa ake ɗaure ƙaramin tsiro da zare, sako-sako, har ya kama da kansa. Masu shuka don gasa sukan bar kara ɗaya tak a kowace sanda, su riƙa cire duk wani reshe da duk wani zare, ƙarfin ya tafi ga fure. Suna samun manyan furanni amma kaɗan, ga aiki kullum. Mai lambun gida ba ya bukatar wannan.

Kamar wake da gyaɗa, saiwarsa tana da 'yan ƙulle-ƙulle inda wasu ƙwayoyin halitta suke zaune suna samar masa naitirojin daga iska. Don haka kada a tula masa yuriya, ganye zai yi ta yi ya manta da fure. Idan ya fara ɗaukar fure, taki mai yawan fotash yake so, irin wanda ake ba tumatir. Ruwa kuwa a gindi, mai yawa, ya sauka can ƙasa, ya fi yayyafi kullum a sama.

Tsinkar fure

A Ingila fure yana farawa wajen Yuni, na shukar Oktoba ma tun Mayu. A nan ne ake samun bambanci tsakanin wanda furensa ya ƙare cikin mako uku da wanda ya kai Satumba yana tsinka. Tsiron shekara ɗaya ne, burinsa 'ya'ya. Da ya ga kwanso ya fara cika, sai ya ɗauka aikinsa ya ƙare, ya daina fure. Saboda haka duk kwana biyu ko uku a bi shi da almakashi a yanke duk furen da ya buɗe, daga gindin sandarsa, a kuma duba ƙarƙashin ganye ko wani kwanso ya ɓuya. Da sassafe ake yanka, a tsoma a ruwa nan take. A kwalba yakan yi kwana huɗu ko biyar.

Matsaloli uku aka fi gani. Darɓa tana taruwa a kan sababbin rassa, tana kuma yaɗa cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare; tsiron da ya kamu sai a tuge shi. Wata farar fumfuna kamar an barbaɗa gari tana rufe ganye idan gindi ya bushe kuma shuka ta cushe. Sai zubar fure tun bai buɗe ba, wanda yakan biyo bayan dare mai tsananin sanyi da rana mai zafi, kuma yakan wuce da kansa idan yanayi ya daidaita.

Mai son ajiye iri sai ya bar 'yan kwanso a ƙarshen lokaci. Idan suka koma ruwan ƙasa a tsinke su kafin su bushe ƙarau, domin busasshen kwanso murɗewa yake ya fashe ya watsar da ƙwayoyin. A ƙarasa shanya su cikin ambulan ɗin takarda. Furen yana barbarar kansa tun kafin ya buɗe, saboda haka galibi abin da ka shuka shi za ka sake samu. Wannan hali ne ya sa masana a Jami'ar Kambirij, William Bateson da Edith Saunders da Reginald Punnett, suka yi nazarin gado da shi a wajen 1905. Sun haɗa wasu iri biyu masu farin fure, 'ya'yan suka fito da launin kakansu na Sisili.

Gargaɗi

Ba a cin ƙwayar waken ƙamshi. Tana ɗauke da wani sinadari da ke raunana ƙashi da jijiyoyin jini idan aka yi ta ci. Wani ɗan'uwansa na kusa, wanda ake nomawa a Habasha da Indiya da Bangaladash saboda jure fari, yana shanye ƙafafun mutanen da yunwa ta sa suka mai da shi abincin kullum na tsawon watanni. Kwanson waken ƙamshi ya yi kama da na koren waken da ake sa wa soyayyar shinkafa, yaro ba zai bambance ba. Don Allah a rubuta "BA A CI" a jikin ambulan ɗin iri, a ajiye shi nesa da kicin, kada kuma a zuba wa awaki ko kaji ragowar shukar mai kwanso.

A wajenmu fa?

Damina ba tasa ba ce, zafi da laima za su kashe shi. Idan za a gwada, da hunturu ne, ta hanyar ban-ruwa. Haka ake yi a arewacin Indiya, inda ake shukawa wajen Oktoba a sami fure a watannin sanyi. Inda ya fi dacewa a ƙasarmu shi ne tuddai: Jos mai tsayin kusan mita 1,200, da Mambila wadda ta fi ta tsayi. A Kano ko Katsina ko Damagaram dare yana sanyi amma rana tana kai digiri 30 ko a Janairu, ga zafin Maris yana tafe, saboda haka lokacin gajere ne ƙwarai. Daga shuka zuwa fure ana bukatar kamar wata uku. Wanda ya shuka farkon Nuwamba yana sa ran fure a Fabrairu. Wanda ya kai Janairu bai shuka ba ya haƙura sai baɗi.

Akwai wani abu kuma da ya fi zafin ɓoyuwa, wato tsawon yini. Yawancin irin Spencer ba sa fure sai yini ya kai awa 12 ko fiye. A Landan yinin Yuni ya wuce awa 16, amma a Kano yinin Disamba bai cika awa 11 da rabi ba. Mutum zai iya yin komai daidai, shuka ta yi kore shar, fure ya ƙi zuwa. Saboda haka a nemi irin da aka ƙirƙira don gajeren yini, kamar Winter Elegance, wanda awa 10 ta ishe shi. Irin waɗannan ake nomawa da hunturu a ɗakunan gilashi a yankin Miyazaki na Japan, inda furen ya zama babbar sana'a.

A ajiye ledojin raino a wuri mafi sanyi a gida, kamar gindin randa, har su tsiro. A dasa inda rana take bugawa da safe, inuwa ta rufe bayan azahar. A lulluɓe gindi da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa don ƙasa ta riƙe sanyi, a barbaɗa 'yar tokar murhu saboda fotash, a riƙa duba sandunan hawa saboda gara.

Tambayoyi

1. Me ya sa tsiron da aka shuka a Oktoba a Ingila yake fin na Maris ƙarfi?
2. A wane ɓangaren ƙwaya ake ɓantare ɓawo?
3. Me yake faruwa idan aka bar kwanso ya cika a jikin shuka?
4. Mutum ya shuka irin Spencer a Kano da hunturu, ya yi ganye bai yi fure ba. Kawo dalilai biyu da za su iya jawo haka.

Aikin gida

Ba kowa zai sami irin waken ƙamshi ba, amma ɗorawa da gawo suna kusa. Kowa ya samo ƙwaya 20 na ɗayansu. A ɓantare ɓawon guda 10 ta bayan ido, a bar 10 yadda suke, a shuka su a ledoji daban-daban rana ɗaya, a ba su ruwa daidai wa daida. Kowace safiya a rubuta kwanan wata da adadin da suka tsiro a kowane ɓangare, har mako uku. Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna ya ja layi ɗaya a madadin kowane tsiro. Ku zo da takardunku aji mu haɗa lissafin a allo.